Yadda Na Yi Ruwan Sama a Shekarar Fari

Ba na jin zan taɓa mantawa da shekarar da na yi ruwan sama ni kaɗai a arewacin Adar, lokacin da gajimare da kansa ya kasa.

Ina shekara ta biyu a jami'a a Yamai, ina karatun adabi, sai aka buɗe wani aji na musamman. An tsamo ɗaliban da suka fi maki daga kowane sashe, mai karatun noma, mai likita, mai labarin ƙasa, mai tattalin arziki, aka zuba mu wuri ɗaya don kowa ya ɗanɗani ilimin ɗan uwansa, mu taru mu dubi matsalar fari. Wanda ya gama ajin lafiya, sunansa ake fara kira idan za a tura ɗalibai ƙarin karatu. Ni kaɗai ce daga adabi. Da labari ya iso garinmu Tawa, Baba, da yake tela ne, ya bi layin teloli rumfa rumfa yana sanarwa (ban tabbata ya san abin da aka zaɓe ni in yi ba, ya dai san an zaɓe ni).

Matsalata ɗaya ce: hankalina ba ya son zama inda jikina yake. Ranar da Mushe Garba (Mushe muke ce wa malami, daga faransanci), wanda ke riƙe da ajin, ya yi mana darasin awon ruwan sama, wata kurciya ta sauka a taga. Shi ke nan. Na dai ji ana ta maimaita sunan na'urar awon da faransanci, kalma mai tsawo da nauyi, sai na ƙera ta a raina: ƙatuwar aba mai allura, kamar agogon tasha. An ce har zana ta aka yi a allo. Ni na fita da baitoci masu kyau a kan kurciya.

Da lokacin damina ya kama, aka kawo mu jihar Tawa aikin fili. A cikin gari muke kwana, kullum da safe mota ta kai mu wani ƙauye arewa da Barmu, ta maido mu da yamma. Kowa da aikinsa. Ƙawata Hadiza, mai karatun likita, tana duba yara. Ni aka ba ni tattara waƙoƙin da mata ke yi wajen daka da na roƙon ruwa. Awon ruwa kuwa na Iliyasu ne, ɗan Takanamat mai karatun labarin ƙasa, dogo, mai biro a kowane aljihu, wanda bai taɓa makara a komai ba. Kullum sai ya dawo mota fuska a murtuke, don kullum amsar ɗaya ce: babu.

Wata rana da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Muna jiran direba, na zaga bayan lakwal, wato makarantar bokon ƙauyen, in kalle shi ni kaɗai. Can na ga wani farin gwangwani, an ɗora shi bisa sanda a tsakiyar fili, bakinsa kamar mazurari, yana kallon sama. Wallahi tausayi ya ba ni. Na ce a raina wani malami ne mai son ado ya kafa shi don furanni, fari ya hana. Na je na tsinko furen tumfafiya (ita kaɗai ke da ƙarfin halin yin fure a shekarar), na soka a bakin, na tsiyaya masa ruwan gorata don kada ya yi yaushi. Na tafi ina jin na yi wa duniya alheri.

Hadarin nan iska ya zama, ya watse. Amma washegari da yamma Iliyasu ya shigo mota haƙora waje.

"An yi ruwa jiya bayan tafiyarmu," in ji shi.

Hadiza ta leƙa ta taga. "A ina? Ƙasar nan ko kaza ba ta yi mata fitsari ba."

"Rairayi ne, ya shanye. Na'ura ba ta ƙarya."

Bai tambayi kowa a ƙauyen ba, don tambayar mutane aikina ne, ni kuma ba wanda ya ce in tambaye su ruwa. Furen kuwa, daga baya na ji, akuya ta yi kalaci da shi tun da sassafe. Ni da na wuni a gaban matan da ke rera cewa ko ɗigo ba su gani ba, har da ni a masu taya Iliyasu murna.

Ranar rufe aiki aka tara mu a wani zaure a Tawa. Kumandan mai mulkin jiha na zaune a gaba cikin kakinsa, ga maigarin ƙauyen, ga iyaye a baya. Baba ya zo da rigar da ya ɗinka wa kansa musamman. Kowane ɗalibi zai tashi ya faɗi abin da ya samo.

Iliyasu ya tashi da babban zanensa na awon ruwa, layi a kwance tun daga farko, sai wuri ɗaya da ya yi tsalle. Bai gama bayani ba maigari ya ɗaga sandarsa.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa Kumandan, "wanga ruwa, ina ya sauka? Ni dai cikin garin nike kwana. In an ka rubuta an yi muna ruwa, gobe motar hatsin taimako sai ta wuce mu ta tafi gaba."

Kumandan ya juya ya dubi Mushe Garba. A wancan zamani, kallon soja ya fi tsawa. Mushe Garba ya cire tabarau.

"Iliyasu, ɗalibin da ya ƙirƙiri awo ba shi da wuri a ajin nan. Ka sani."

"Mushe, na rantse da idona na gani."

"Za mu yi magana bayan taro. Zauna."

Ni fa? Ina jin su kamar ana magana a gidan maƙwabta. Na ji tausayin Iliyasu, amma raina na kan waƙar da na shirya in rufe bayanina da ita, ina ta bitar ta a zuci. Da aka kira ni, na yi bayanin waƙoƙin mata, sannan na gyara kallabi, na sassauta murya, na ce ga tawa gudummawar:

"Farin gwangwani bisa sanda, bayan lakwal,
bakinka buɗe, sama ta hana ka.
Na ba ka fure, na ba ka ruwan gorata,
sha, ɗan uwana, kafin hadari ya tuna da mu."

Zaure ya yi tsit. Na ɗauka waƙar ce ta kama su (har na ɗan rusuna, Allah ya yafe mini). Sai na ga Iliyasu yana miƙewa a hankali.

"Wane gwangwani?"

"Wanda ke bayan lakwal mana. Mai baki kamar mazurari."

"Yaushe kika ba shi ruwan?"

"Ranar da hadari ya haɗo."

Hadiza ta kifa kanta a kan tebur. A lokacin ne agogon tashar da na ƙera a raina ya faɗo, ya koma farin gwangwani. Na dubi Kumandan, na ga kafaɗunsa na rawa, yana ta ƙoƙarin riƙe fuskar mulki.

Maigari ne ya fasa shirun. "Ashe ke ce hadarin, ɗiyata. To, gonata na nan yamma da rijiya, in kin samu sarari ki biyo."

Dariyar da aka yi, na tabbata har kasuwa an ji. Na hango Baba ya jawo hularsa ta rufe masa ido. Sai da muka kai ƙofar gida sannan ya ce, "To, ko ba komi, bana ke kaɗai kin ka yi ruwa a Adar. Amma wannan ba zan faɗa ma teloli ba." (Sun riga shi ji.)

An goge tsallen daga zanen, motar hatsi ta tsaya a ƙauyen, Iliyasu kuma bai rasa wurinsa ba. Mushe Garba ya ce tunda aka buɗe ajin, wannan ne karo na farko da sashe biyu suka yi aiki a kan abu ɗaya. Hukuncin da ya yanke mana shi ne mu yi musayar aiki a sauran kwanakin da aka ƙara mana: ni in riƙa duba gwangwani, Iliyasu ya zauna gaban turmi yana rubuta waƙar daka. Matan suka sa masa suna Mai-ruwa, ni kuma har muka gama jami'a Hadari ake kirana.

Abin da na koya? Idan an zaunar da ke a darasin da ba naki ba, ki bar kurciya ta yi harkarta. Kuma duk abin da kika gani shi kaɗai a fili yana kallon sama, ki tambaya kafin ki ji tausayinsa. Wataƙila bakin aikinsa yake.