Ranar da Na Niƙe Binciken Yaya

Yayana yana digiri na uku a jami'a. Wata takwas ya yi a ɗakin gwaje-gwaje yana renon wani ɗan dutse mai maganaɗisu, wanda za a auna a inji mai tsananin sanyi. A hanyarsa ta kai shi wurin awon ya biyo ta gida, garinmu Ɗanzomo, kuma dama ya yi mini alkawarin tsarabar kwalli.

Yana masallaci na buɗe jakarsa, na tarar da baƙin dutse mai ƙyalli a 'yar kwalba. Ban yi gaggawa ba, ni da na ci fiziks a sakandare. Na ciro mayen ƙarfen tsohuwar rediyo na kara masa. Bai kama ba. Na ce wa Inna, "Kwalli ne, na gwada a kimiyyance." Na niƙe shi lukwi, na rambaɗa.

Da Yaya ya dawo, ya dubi kwalbar, ya dubi idona, sai ya zauna a ƙasa.

Na ce, "Ai mayen ƙarfe bai kama shi ba!"

Ya ce a hankali, "Ba zai kama ba. Ƙananan maganaɗisun cikinsa a jere suke, kowanne yana juya wa maƙwabcinsa baya. Jerin nan zan auna, kin mai da shi gari."

A asibitin Gumel aka wanke mini ido ina ta salati. Idon ya tsira. Yaya kuwa ya koma ya fara daga farko.

Yanzu duk sanda allura ta faɗi wa Kaka sai ta ƙwala mini kira, wai idona ya zama mayen ƙarfe: "Ke likitar duwatsu, zo ki zaro idon nan ki jawo min ita!"