Ranar da Na Yi Tafinta a Harami

Magana biyu kacal wata hajiya 'yar Sabiya ta koya mini, shekarar da ta sauka gidanmu a unguwar Harra ta Gabas: "hvala", wato na gode, da amsarta, "nema na čemu", ba komai. Da su na cika unguwa cewa na iya yaren.

Ran nan bayan la'asar a Harami, muka tarar da wata tsohuwa tana kuka, ta ɓace wa 'yan uwanta. Maƙwabciyata Ummu Salim ta ga sunan ƙasar Sabiya a jakar tsohuwar, ta ce wa masu gadi, "Halas, shi ke nan, ga mai jin yarensu!"

Na gyara mayafi, na durƙusa da bismillah. Baiwar Allah ta yi ta zubo bayani. Na nisa, na ce, "Hvala."

Ta ƙara bayani. Na ƙara godiya.

Daga nan hannunta kawai na riƙe, ina ba ta zamzam, har 'yarta ta iso. Tsohuwa ta rungume ni, ta ce, "Hvala!" Nan amsar ta gudu daga kaina, sai ta Larabci, "afwan", na ce.

Har yau in yaro ya ɓace a unguwa, Ummu Salim cewa take, "A kira tafinta ta gode masa."