Ƙafar Aro Mai Rami Biyar

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai baliz, wato lefe, Ingal. Ko ni na so in manta, dangin amarya ba za su bar ni ba.

Ni dai mace ce ta cikin gida. Lokol, makarantar boko, ban yi nisa ba, kuma in ba biki ko gaisuwar rasuwa ba, sai in daɗe ban leƙa waje ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Daga tsakar gida ina gane motar kowa a unguwarmu da kukanta. To wannan kunnen shi ya ja mini. Maigidana Elhaji ya tara ɗan abin da ya tara a cinikin dabino, ya ce zai sayi bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, irin masu jure wahala da kowa ke hawa a Agadas. Sai dillali ya zo ƙofar gida da wata ƴar katkat ta Turai, ta hannu, baƙa wuluk, kujerun fata, kukanta kamar na mage mai barci. Ina jin ta daga madafa na ajiye ludayi. Ban bar bawan Allah ya sha shayi cikin kwanciyar hankali ba sai da ya saye ta.

Ba wai ba a gaya mana ba. Makanisiyen da ya duba ta ya yi wa Elhaji bayani a zaure, ni ina bayan labule. Ya ce bidanjinta, wato canjin man inji, ba da kowane mai ake yi ba, in wani abu ya lalace sai an aika Yamai ko Kwatano, ƙafafunta sirara ne, an yi su don gudron, kwaltar da ba ta san rami ba. Ya ƙara da cewa babu sakur, ƙafar ko-ta-kwana, a bayanta, sai ɗan famfo da kwalbar gam, a nemo janti, ƙarfen da ake sa wa taya, irin nata tun kafin a yi tafiya. Na ji duka, yanzu ma zan iya maimaita muku. (Ji daban, ɗauka daban.) Na ce a raina hassadar masu garaji ce.

Ana nan sai auren Mahaman ɗan yayana ya taso, yarinyar ƴar Ingal ce. Ni ce goggo, ni zan ja mata mu kai baliz, akwatunan kayan amarya. Ita ma amaryar tana da tata goggon, Tanti Lalla, mace mai harshe kamar reza. Ranar da suka zo mana gaisuwa na ji ta (a hankali ta faɗa, amma ai kun san kunnena) tana ce wa ta kusa da ita, mutanen birni suna kawai gare su, in an duba a kabu-kabu suke yawo. Na haɗiye, na ajiye mata.

Elhaji ya tafi Dirku neman kaya, ya bar makulli hannun ƙaninsa Ila, abokin wasana, mai ce mini matata ko a gaban wa. Ila ya ce shi ba zai hau hanyar Ingal ba sakur ba. Na ce wannan ai ƙaramar magana ce. A unguwarmu mene ne ba a aro? Tukunyar biki, tabarmi, turmi, har zanen fita. Na yafa mayafi na shiga gidan maƙwabciyata Gaisha, mijinta na da mota ƴar Japan, na ce ta ara mini ƙafa. Na durƙusa na ƙirga ramukan jantin da yatsa, biyar. Na dawo na ƙirga na tamu, biyar. Na sa aka jefa ta a baya, aka ɗora akwatuna a kai.

Ila ya tambaya ko an gwada ta.

“Kai da ka yi lokol,” na ce masa, “biyar da biyar ba ɗaya ba ne?”

“To matata, in ta ƙi shiga ke zan ɗaura a wurin.”

Muna fita gari, kilim na hura mini sanyi, sai na ji girma ya taso mini. Na ɗauki telefon na yi wa Tanti Lalla saƙon murya, da muryar nan ta manyan mata. Na ce don Allah a share mana wuri a ƙofar gida, a cikin inuwa, saboda motar ba ta son rana, kuma a tsare yara kada su taɓa ta. Matan da ke baya suka yi guɗa.

Mun ci fiye da rabin hanya sai muka faɗa wani rami mai baki kamar wuƙa. Ni na fara jin ƙarar, fas, kafin Ila ya ji a sitiyari. Ƙafar gaba ta yage ta gefe, jantin ya lanƙwashe, ba gam ɗin da zai yi mata magani. Ban damu ba ko kaɗan. Na fito ina gyara ɗauri, na ce a sauke akwatuna a ɗauko sakur ɗina.

Ila ya ɗaga mota, ya cire ƙafar, ya kara ta aro. Bulon ɗaya cikin ƙusoshin ɗaurin ya shiga. Na biyu ya shiga da ƙyar. Sauran ukun kuwa suna hango ramukansu ta gefe kamar surukai, ba sa haɗa ido. Ya juya ta, ya sake karawa, haka. Ashe ramin biyar ne, amma tazarar da ke tsakaninsu daban, ga ramin tsakiya shi ma ya ƙi zama. Na ce ya buga da dutse. Ya dube ni, gumi na ɗiga daga rawaninsa, ya ce shi yana da iyali, kuma bai shirya kai matan biki lahira da akwatuna ba.

Muka zauna ƙarƙashin wata ƙaya mai inuwar rowa. Turaren da muka bulbula ya gauraya da zufa. Telefon ya ƙi kamawa. Motocin da suka wuce duk a cike, kowa sai ya tsaya ya leƙa jantin, ya yi mana sannu, ya ce irin wannan sai Yamai. Rana ta fara karkata kafin wani bashe ya tsaya, tsoho tukuf, bayansa cike da awaki. Direban ya ji inda za mu, ya yi dariya, ya ce ai gidan zai je shi ma, awakin nan na baƙin Agadas ne da za a yanka wa.

Haka muka bar Ila yana gadin mota, muka hau. Wata tsohuwa cikinmu aka ba gaba. Ni, goggon ango, na zauna kan babban akwati tsakiyar abincin darena, wani bunsuru na taunar gefen mayafina.

Muna shan kwana na hango wurin. An share shi fes, an yayyafa ruwa, an kafa ƴar rumfa, an jera yara can gefe da hannuwa a baya. Mata sun cika ƙofa, har da mai kiɗan tende. Direba, da yake ba shi da labari, ya ga inuwa ya shige ciki ya kashe mota. Kiɗa ya tsaya. Bunsuru ya yi kuka.

Tanti Lalla ta matso a hankali, ta dubi bashe, ta dubi awaki, ta miƙo mini hannu in sauko. Ta juya ga yaran ta ce, “Kun ji dai abin da aka ce, kada wanda ya taɓa ta.”

An karɓi baliz, an yaba kaya, duk da akwati ɗaya sai da aka turara shi. Aure ya ɗauru lafiya. Motar kuwa a kan kamyo, babbar motar kaya, ta dawo gida, ta yi zaman jiran janti har biki ya watse. Elhaji bai yi mini faɗa ba, ya dai ce daga yau in kunnena ya ji mota in bar hannun makanisiye ya gwada.

Kwanan nan amaryar ta haihu. Tanti Lalla ta kira ni maganar suna, muka gaisa da daɗi, sannan ta tambaya, “Goggo, wuri za mu share, ko harawa za mu tanada?”

Na ce su tanadi duka biyun. Abin da na koya dai, in za ka yi wa mutane yanga, bari sai ka sauka a ƙofar gidansu tukuna.