Agogon Yaya Abdulganiyu

Wani ne a unguwar Dar Salam, yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Wan matarsa, Abdulganiyu, ya yi masa alkawarin zai sa a ɗauke shi aiki a wani garejin gyaran injuna a garin Bahri, amma sai ya ga hankalinsa tukuna.

Shi Abdulganiyun nan yana da wani agogon tagulla da ya zo da shi daga Jidda. Jikin agogon ya yi duhu, da ɗan ratsin kore a gefe-gefe. Ran nan tafiyar ta'aziyya ta kama shi zuwa garin Madani. Ya ji tsoron kada wani soja a hanya ya yaba agogon, don abin da soja ya yaba ya zama kyauta. Sai ya kawo wa mutumin namu ajiya. Ya ce kada ruwa ya taɓa shi, kada sabulu, busasshen ƙyalle mai laushi kawai. Wannan launin, in ji shi, gumi da iska da shekaru ne suka yi shi.

Mutumin ya ce to. A ransa kuwa cewa ya yi, Allah sarki Yaya, kunyar dauɗar agogonsa yake ji, har yana nema mata asali.

Yaya na fita ya samo lemun tsami da toka, irin yadda ya ga matarsa Sittana tana yi wa tiren shayi. Ya dirje, ya dirje, har agogo ya koma walƙiya kamar haƙorin Makka. Ya kai mata yana washe baki. Sittana ta dafe ƙirji. Ta ce ai wannan duhun da ya kankare shi ne abin taƙamar Yaya, ko ita bai taɓa bari ta riƙe ba.

"To yanzu aikin Bahri fa?"

"Ya bi toka, Maigida."

Ya ce ba komai. Shekaru dai ba ya da su, iska kuwa kyauta ce, saura gumi. Ya nufi layin burodi, inda mutane ke tsaye tun safe rana na dukansu. Ya riƙa bin su ɗaya-ɗaya yana roƙon su taimaka masa da goshinsu. Wani tsoho ya yarda, aka goga. Wani ƙato ya ce da Larabci, "Ya zol, kai mutum, in ka ƙara matso ni, kai ma sai an goga ka da ƙasa."

Da ya ga gumin mutane na da tsada, ya tare mai karo, wato amalanken jakin da ke sayar da ruwa. Ya ɗaura wa jakin agogo a wuya. Jaki ya zaga unguwa, shi kuma yana biye da gudu, yana leƙawa ko agogo ya fara kama launi. Yamma ta yi, shi ya jiƙe sharkaf, jaki ya bushe ƙayau, agogo sai ƙara sheƙi.

Ya dawo gida a gajiye, ya tarar Sittana ta fito daga duhan, ramin hayaƙin itacen talha mai ƙamshi da matan aure ke zama a kai su lulluɓa da bargo. Ya ga fatarta ta yi ja-ja, tana ƙamshi. Ya yi tsalle. Ga gumi, ga hayaƙi, ga launi, duk a rami ɗaya. Ta ce ai namiji ba ya shiga. Ya ce ba shi zai shiga ba, agogo ne, shi ɗan rakiya ne kawai.

Ya ɗaura agogo a hannu, ya shafa mai, ya zauna a kan rami, kai kaɗai a waje. Safe ya shiga, yamma ya shiga. Itacen Sittana ya ƙare, ya aike ta aro gidan Bakhita maƙwabciya. A masallaci maza suka fara waige-waige suna neman mai ƙamshin duhan, liman ya yi gyaran murya ya tambaya ko wata amarya ta ɓata hanya.

Ran da Abdulganiyu ya dawo da albishirin an ce ya kai mutumin namu aiki Bahri, a kan ramin ya same shi. Mutumin ya fito yana tiriri, jiki ya yi jawur kamar gasasshiyar gyaɗa, ƙamshi har bakin ƙofa. Ya miƙa hannu, agogo na ƙyalli kamar yau aka ƙera.

Abdulganiyu ya dubi agogo, ya dubi suruki, ya ce:

"Ina launin agogona?"

"Yaya, tare muka shiga, tare muka fito. Ni ka ga na kama. Ina jin agogon nan naka jabu aka sayar maka."