Rasuwar Gwaggo, Tafintar Ƙofar Marusa

Da baƙin cikin da ya cika zuciya, Malam Nu'uman Garba, marubucin manhajar kwamfuta a Ƙofar Marusa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar tsohuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Laraba da hantsi, bayan shekara goma sha shida tana aiki.

Marigayiya ba ta da kyau, ba ta da sauri. Darajarta tana ga tafintan da ke zaune a cikinta, wanda masu sana'ar ke kira kwamfaila. Malam Nu'uman kan rubuta umarninsa da kalmomin da mutum zai iya karantawa, ita kuma ta bi rubutun harafi bayan harafi, ta yanka shi kalma-kalma, ta duba nahawunsa, ta tabbatar duk sunan da aka kira an gabatar da shi tun farko. Sai ta gamsu sannan take juya shi zuwa harshen inji, sifiri da ɗaya zalla, ta ɗinke guntayen su zama manhaja mai aiki.

Ba ta taɓa rufa masa asiri ba. Ya taɓa yini guda yana neman abin da ya ɓata mata rai, ashe waƙafi mai ruwa ɗaya ya manta a layi na ɗari biyu da tara. In ta ƙi, sai ta yi "ƙit" sau ɗaya ta yi shiru. In ta yarda, fankarta ta ɗauki gurnani kamar injin markaɗe.

Ta bar 'ya ɗaya tilo: manhajar da wani ƙaramin asibiti a Batagarawa ke amfani da ita wajen sanin ranar da kowane jariri zai dawo rigakafi. Yara dubu ɗaya da ɗari tara ne a cikinta. Ta kuma bar rubutun asalin manhajar, layi dubu bakwai, lafiya lau a filashi, sai dai babu mai fassara shi. Kamfanin da ya ƙera tafintan ya daɗe da rufewa, faifan da ya zo da shi kuma ya kakkarce. Malam Nu'uman ya kai rubutun gaban sababbin tafintoci har uku. Mafi sauƙin kai a cikinsu ya lissafo masa kuskure ɗari huɗu da goma sha ɗaya.

Jinyar ta faro ne da zazzaɓi. Daga baya ma'ajiyar bayananta ta riƙa ƙas-ƙas-ƙas. A makon ne Sista Rakiya, mai kula da rigakafi a asibitin, ta zo da buƙata: an ƙaro allura ɗaya cikin jadawalin yara, tana so a koya wa manhajar. Layi goma sha biyu kacal ya ƙara. Ya miƙa wa Gwaggo, ta karanta, ta wuce nahawu, ta fara juyawa. Tana tsakiyar aikin fuskarta ta yi baƙi.

Haruna mai gyara ya buɗe ta, ya kara kunne.

"Malam, mi zan ce maka? Inda tafintan yake zaune, nan ne ya ci."

Sista Rakiya ta ce, "To amma manhajar da ke wurinmu tana aiki ai."

"Tana yi, Sista," in ji Malam Nu'uman. "Abin da ta sani ta sani. Ba za ta ƙara koyon komai ba."

"Yaran fa?"

Malam Nu'uman ya lissafa a ransa cewa sake rubuta manhajar da sabon harshe zai ci wata biyar, allurar kuwa ranar Litinin za a fara ta.

Za a naɗe marigayiya cikin tsohon zanen gado bayan sallar La'asar ranar Asabar, a sa ta saman kabad, domin mai ita ya hana a sayar da sassanta. Zaman makoki zai kasance a barandar asibitin ranar Lahadi tun daga safe, inda za a kwafe sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya cikin manyan littattafai huɗu, domin a riƙa bin sabon jadawalin da hannu. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kowa ya zo da bironsa.