Yadda Ake Kayar da Birnin Viyana a Gaban Inna

Idan kana zaune a New York, ƙaninka kuma yana Viyana, babban birnin Ostiriya, ka san ciwon kan da ke dawowa duk shekara. Turawa za su fitar da jerin biranen da suka fi daɗin zama a duniya. Viyana tana can sama, New York kuwa sai yatsanka ya gaji da ja kafin ka hango ta. Kafin ka idar da sallar asuba ƙanin naka ya tura hoton a group ɗin gida. Bana kuma Inna ta ce gwiwoyinta tafiya ɗaya za su iya, wurin ɗa ɗaya za ta je. Bi matakan nan, na yi maka alkawari a garinka za ta sauka. Maƙwabcina Ladan, direban tasi a Grand Concourse, da su ya kara da ƙaninsa Zaid, ina gefe ina shan shayina.

1. Kada ka musa

Wanda ya musa ya nuna abin ya taɓa shi. Rubuta, “Ma sha Allah, ƙanina, Allah ya ƙara ɗaukaka.” Bari a ɗan jima, sannan ka jefa tambaya a hankali, kamar yadda Ladan ya yi: “Zaidu, su masu jerin nan, a cikinsu akwai wanda ya taɓa neman daddawa a garin naku?”

2. Fitar da naka ma'aunin

Su sun auna asibiti da jirgin ƙasa da tsabtar titi. Kai auna abin da Inna ta sani. A wane gari ne za ta tsaya, kamar a unguwar Harlem, ta yi cinikin atamfa da Hausa wurin ’yan Nijar, har a yi mata ragi don furfurarta? Zaid zai ce ruwan famfonsu daga kan duwatsu yake gangarowa. Ka ce madalla, amma ranar Lahadi da shagunansu ke rufe, ruwan za a tuƙa a ci da miya?

3. Zaɓi bangon da za ka jingina

In za ka yi video call, tsaya jikin bangon da bai yi tabon yoyo ba. Jiniya za ta wuce, ba makawa. Ka ce, “Wani babba ne zai wuce, Inna, nan unguwar manya ce.” In hitar ɗumama ɗaki ta fara buga ƙarfe kamar maƙera, ka yi ta tari har ta daina. Ɗan kirki dai lafiya lau yake ce wa uwarsa, ko da silin na ɗiga a kansa.

4. Maganar ɓeraye

Zaid zai turo bidiyon ɓeran tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa yana jan guntun pizza. Kada ka girgiza. Ka ce ɓera ba wawa ba ne, inda ake ƙoshi yake zuwa. Garin da ɓera ya ƙi zama, sai a bincika me mutanensa ke ci.

5. Kada ka bar wayar a hannun matarka

A nan Ladan ya yi sakaci. Yana cikin magana da Inna ya tuna ranar sharar titi ce, dole a gusar da mota ko a ci shi tara. Ya miƙa wa matarsa Halimatu wayar, ya sauka da gudu.

Inna ta sassauta murya. “’Yar nan, tsakaninki da Allah, yaya garin?”

“Lafiya lau, Inna.”

“Na ce tsakaninki da Allah.”

Shi ke nan. Halimatu ta faɗi lif ɗin da ya tsaya tun kafin azumi, da yadda take hawa bene da kayan wanki a ka. Ta leƙa da wayar ta taga, Inna ta ga babban ɗanta zaune cikin mota yana gadinta, yana karya kumallo da busasshen burodi.

6. Karɓi hukunci da ladabi

Washegari Inna ta aiko da saƙon murya a group.

“Zaidu, na ga garinku ya zo na ɗaya, Allah ya sa albarka. Ka ga ba abin da ka rasa, to me zan je in yi maka? Kai kuma Ladan, babban banza, kake ce min unguwar manya? Wurinka zan zo. A tanadar min tsintsiyar kirki, kuma ka haɗa ni da mai gidan hayar nan naku, ina da magana da shi.”

Zaid ya kwana yana turo hotunan wani lungu mai datti da ya sha wahala kafin ya samo a Viyana. Inna ta ce ko tsakar gidanta ba ta kai shi tsabta ba.

Gargaɗi

Na ce za ta sauka a garinka, ban ce ta wace hanya ba. In ta iso ta ƙi komawa, in ta tsare mai gida a bakin lif tana yi masa faɗa da Hausa kai kana fassarawa, in kujerar falo ta zama gadonka, babu ruwana. Ni shayi kawai na zo sha.