Yadda Za Ka Kalli Wasan Kiɗa a Kan Kujerar da Ka Yi wa Algus

Idan kai kafinta ne, ka gyara kujerun wani ƙaramin ɗakin kiɗa, ka yi algus a guda ɗaya, sannan mai ɗakin ya ba ka tikiti kyauta, karanta wannan. Na yi maka alkawari za ka fito da sunanka na sana'a ko ƙwarzane babu. Abin da za ka rasa a hanya, za mu zo kansa.

Ban yi boko mai nisa ba, amma dabarar nan da idona na gan ta wurin maƙwabcina, wani kafinta da ake kira Tsaf. Ɗakin kujera talatin da shida ne, kowace da lambarta. An ba shi sha biyu na gwaji, in sun yi kyau a ba shi sauran. Sha ɗaya ya yi su tsakani da Allah. Lamba tara kuwa gara ta cinye ƙafarta ta baya, katako ya ƙare masa, sai ya cusa garin katako da gam ya shafe da fenti.

1. Riga mai kujerar zuwa

Wasa ƙarfe huɗu na yamma, kai ka isa uku. Tsaf ya tarar mai lamba tara wani mahauci ne, ƙato, irin wanda in ya shiga tasi direba ke cewa mota ta cika.

"Yallaɓai, nan fanka ba ta kawowa," in ji Tsaf. "Karɓi tawa, ƙarƙashinta take."

Mahauci ya yi ta godiya. Ka lura: ba mai bincikar alheri.

2. Kada ka zauna, yi kamar ka zauna

Mazaunanka su taɓa kujera kamar yadda ake gaisawa da wanda ba a shiri da shi. Nauyin duk a cinya. Buɗe ƙafa, dafa gwiwa, sunkuyo gaba. Wanda ya gan ka zai ce wannan ya san kiɗa.

3. Manta da motsi

A babban fili lasifika na rufa wa kowa asiri. Nan babu ita. Mawaƙiya ce ɗaya da jita, da wani dattijo mai sarewa, taku huɗu tsakaninka da su. Cikin wani ya yi ƙugi a layi na uku sai da aka waiga. To ina ga ƙarar katako?

Tsaf ya ɗan gyara ƙafa a waƙa ta biyu, kujera ta ce ƙiii. Mai ɗakin, wani tsohon malamin makaranta da ke tsaye jikin ƙofa, ya ɗago kai. Nan take Tsaf ya juya ya harari na bayansa. Koyi wannan. Wanda ya fara harara ba a zarginsa.

Tafi kuma da yatsu biyu ake yi. Tafin gaske daga ƙugu yake tasowa.

4. Bar hawaye su zuba

Wajen minti arba'in cinya za ta fara rawa, ido ya kawo ruwa. Kada ka share. Mawaƙiyar ta ga Tsaf, magidanci da tabon guduma a yatsu, yana hawaye, sai ta dafa ƙirji.

"Baba, waƙar ta taɓa ka?"

Ya gyaɗa kai a hankali, don ko kai ba a gyaɗawa da ƙarfi.

"To saboda kai zan maimaita ta."

Ta maimaita, har da ƙarin baiti biyu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

5. In suruka ta shigo, ka zama kurma

Nan ake gane kafinta. Matar Tsaf, da ke zaune kusa da shi, ba da saninsa ba ta gaya wa mahaifiyarta ta biyo su. Tsohuwa ta shigo da sandarta ana tsakiyar wasa, ɗaki cike, ta tsaya daidai kansa.

"Baban yara, Inna ce," matar ta raɗa masa.

Ya ƙura wa sarewa ido.

"Tashi mana." Ta mintsine shi a cinyar da ta riga ta mutu, bai ji komai ba.

Yi lissafi da kanka. Ka tashi, tsohuwa ta zauna, ƙafa ta karye gaban mai ɗakin: ka rasa kujera ashirin da huɗu, ka rasa suna, wataƙila har da ƙugun suruka. Ka ƙi tashi, a ce ba ka da kunya. Marar kunya yana samun aiki. Mai algus ba ya samu.

Matar ce ta tashi ta ba uwarta wuri, ta koma jikin bango tana kallon ƙeyarsa. Mahauci ya ce, yadda kowa zai ji, "Ashe alherin nasa na bare ne."

6. Fita da shaidar

Da aka gama kowa ya miƙe yana tafi. Tsaf ya dafa bango ya tashi, ya rungumi kujerar ya nufi ƙofa.

"Malam, ina za ka da ita?" in ji mai ɗakin.

"Kujerar da na ji waƙar nan a kanta, ba mai sake zama. Gobe zan kawo maka sabuwa, kyauta."

Tsohon malami ya cire tabarau ya goge ido. "Shekara goma ina buɗe ɗakin nan ban ga mai jin kiɗa irinka ba. Sauran kujerun naka ne."

Ka ga alkawarina ya cika.

7. Kada ka ajiye ta a falo

Tsaf cinya ta hana shi kai kujerar shago, sai ya ajiye ta a falo. Washegari da hantsi sai ga Inna ta zo jin ba'asi. Matar ta jawo lamba tara tsakiyar falo.

"Ga ta, Inna, wadda ya hana ki. Zauna."

Kafin ya iya miƙewa ta zauna. Tsohuwa ba ta fi buhun auduga nauyi ba. Kujera ko ƙiii ba ta ce ba. Awa biyu tana kai, tana jijjiga ƙafa, tana wanke shi tas, tun daga ranar da ya fara zuwa zance. Da za ta tashi ta bubbuga kujerar da sanda.

"Hannunka dai da kyau, ɗan nan. Halin ne ke son kafinta."

Yanzu sai batun ni da kai. Ni shawara na bayar, ba ni na cusa garin katako ba. Cinyarka taka ce, surukarka taka ce. In kujera ta karye da kai gaban jama'a, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba, Tsaf ma ya ce a ce ba ya nan. In kuma matarka ta daina yi maka magana, kada ka zo ƙofata tambayar kwana nawa abin ke ɗauka. Ta Tsaf yau sati uku, ana nan ana ƙirgawa.